Yadda Nake Hango Tashar Sararin Samaniya Daga Tsakar Gida

Wani dare ina tsakiyar wasa a kwamfuta aka ɗauke wuta. Na fito tsakar gida na kishingiɗa a tabarma, tun daga ranar kallon sama ya zame min jiki.

In kana son hango tashar, ka sauke Stellarium, manhajar da ke nuna taswirar sama, a wayarka, ka ba ta izinin sanin inda kake, ka nemi ISS, wato Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa. Tashar na can sama kusan kilomita 400, tana kewaya duniya cikin kimanin minti 90. Ba kullum ake ganinta ba, sai bayan magariba ko da asuba, lokacin da rana ke haska ta alhali mu muna cikin duhu.

Ka rage hasken wayar, ka bar idonka ya saba da duhu kamar minti 20. Ga mu da muka saba ƙura wa allo ido, nan ne wahalar.

In ka ga haske mai ƙarfi yana tafiya a natse, ba ya ƙiftawa irin na jirgi, ita ce. Kafin ta iso, ka nemi tarin taurarin nan, Kaza da 'Ya'yanta. Da hunturu Kazar take fitowa sarai, in ƙura ba ta rufe sama ba.