Yadda ake gano matsalar EGR idan fitilar cek injin ta kama a motar a-kori-kura

Mai Hilux ko Ford Ranger da ke jigilar buhuna daga Dawanau zuwa cikin garin Kano ya san ruwan ɗorawar fitilar nan mai siffar inji a dashbod. Sau da yawa abin da ke bayanta shi ne EGR, wani bawul da ke ɗibar ɗan hayaƙi daga hanyar salansa ya mayar da shi cikin inji, don ya rage zafin ƙonewar mai. Tunda hayaƙi yake bi ta cikinsa, kunkunniya yake tarawa kamar rufin madafa. Motar da ke yini a cunkoson Kantin Kwari ko Singa tana tafiyar hawainiya, tana shan dizal ɗin 'yan bumburutu da ƙurar hunturu, ita ta fi saurin toshewa.

Da fari, dubi fitilar kanta. In tana ƙyaftawa, ka faka: galibi injin na tsallake wuta ne, wannan wata magana ce daban. In ta tsaya cak, kana iya ƙarasawa gareji a hankali.

Sannan a sa mata kwamfuta. Kada ka yarda a kwance ko da noti ɗaya kafin wannan. Soket ɗin da ake jona kwamfutar, wato OBD2 mai ramuka 16, yana ƙarƙashin dashbod, kusa da sitiyari. Ƙananan motoci masu fetur da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da shi, har ƙaramar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya tana karanta da yawa daga cikinsu. Rubuta lambar da ta fito a takarda kafin a goge. P0401 na nufin hayaƙin da ke wucewa ya yi kaɗan, P0402 ya yi yawa, P0403 matsalar waya ce ko wutar da ke sarrafa bawul ɗin, P0404 kuwa bawul ɗin ba ya zuwa inda kwamfutar mota ta tura shi. Lura da kyau, babu lambar da ta ce "sayi sabo". Nan ne kuɗin mutane ke salwanta: yaron gareji ya ga EGR a allo, sai ya ce, "Alhaji, sai dai a tafi Ƙofar Ruwa a ɗauko wani." A ɗaura, bayan kwana uku fitila ta dawo, domin bututun da ke bayan bawul ɗin ne ya toshe tun farko.

Yanzu haɗa lambar da halin motar. Bawul da ya maƙale a buɗe yana sa inji karkarwa a silo, ya mutu a danja, ga baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi a mota mai dizal. Wanda ya maƙale a rufe ba ya nuna kansa sosai, sai dai a mai fetur ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur da lodi.

Buɗe bonet bayan inji ya huce, don bututun nan yana ƙona hannu. Bi siraran tiyo na iska ɗaya bayan ɗaya, zafin Kano yana busar da roba har ta tsage. Zare soket ɗin bawul ka duba tsatsa ko wayar da ɓera ya ci, musamman a motar da ke kwana kusa da sito. In P0403 ce, aikin mai rewaya ne, ba na bakanike ba. A tsofaffin Ford masu fetur akwai wani sensa da ake kira DPFE mai tiyo biyu, shi ma yana yawan jawo P0401 alhali bawul lafiyarsa lau.

Gwajin bawul ɗin ya danganta da irinsa. Mai aiki da zuƙar iska a injin fetur, a sa masa famfon hannu a zuƙa yayin da mota ke silo: in injin ya shaƙe ko ya mutu, bawul da hanyarsa a buɗe suke, in bai ko girgiza ba, akwai toshewa ko kuma bawul ɗin ya lalace. Mai lantarki kuwa, babbar kwamfutar gareji ce za ta umarce shi ya buɗe ya rufe ana kallon amsarsa.

In alamu sun nuna toshewa, cire kan batir, kwance bawul ɗin, a wanke da abin fesawa na wanke kabireta da tsohon buroshin haƙori. Kada ruwan ya shiga ɓangaren lantarkinsa. A leƙa ramin manifol ma, wato bututun da ke kai iska cikin inji, a kankare, a toshe da tsumma kada dattin ya faɗa cikin inji, a sa sabon gasket. A Hilux mai dizal, in ruwan lagireto na raguwa ga farin hayaƙi, a duba na'urar sanyaya hayaƙin EGR, tana tsagewa.

Wasu za su ba ka shawarar a yanko faranti a toshe hanyar gaba ɗaya. Ni ban goyi baya ba: a motoci da yawa kwamfuta za ta gane, fitila ta zauna daram, ranar da babbar matsala ta zo ba ka da mai gaya maka.

Goge lambar, ka hau titin Zariya ka bar injin ya yi zafi sosai, ka ci gaba da aikinka na kwana biyu ko uku. In lambar nan dai ta dawo bayan wanki, da tiyo da waya duk lafiya, to yanzu ne za ka nufi Ƙofar Ruwa, da tsohon bawul ɗin a hannu don a gwada lambar jikinsa.