Kurakuran da ke kashe ginin gora, da yadda ake gyara su

Idan rumfa ko ɗakin da aka yi da gora ya zube bayan damina biyu ko uku, da wuya a tarar nauyi ne ya karya shi. Galibi ƙwaro ne ya cinye sandunan ta ciki, ko ruwa ya ruɓar da gindin ginshiƙai, ko kuma ƙusa ta tsaga su a mahaɗa. Tushen duka ɗaya ne: mai ginin ya ɗauki gora kamar katako, ya yi mata abin da ya saba yi wa katako. Alhali gora ciyawa ce, dangin rake da masara. Cikinta kogo ne, zarenta duk a miƙe yake daga gindi zuwa sama ba tare da wani zare da ya ɗaure shi a gicciye ba, kuma jikinta cike yake da sitaci da zaƙi, abincin ƙwari ke nan.

Yankan gorar da ba ta ƙosa ba

Ido yana ruɗin mutum a nan. Gora tana kai iyakar tsayinta da kaurinta cikin 'yan watanni bayan ta tsiro, daga nan ba ta ƙara kauri ko kaɗan. Saboda haka 'yar shekara ɗaya da 'yar shekara huɗu za su iya zama kai ɗaya a girma, har ma ƙaramar ta fi kyan gani, kore shar tana sheƙi. Ita ce kuwa mara amfani. Zarenta bai yi tauri ba, ruwa ya yi mata yawa, idan ta bushe sai ta yamutse ta lotsa. Wadda ake so ita ce mai shekara 3 zuwa 5: launinta ya dushe, ɓawon da ke rufe gaɓoɓinta ya zube, farar hodar da ke jikin sabuwa ta ɓace, sau da yawa ma akwai tabon gansakuka a jikinta. Ƙwanƙwasa ta da bayan adda, za ka ji sauti mai kaifi, ba irin na ɗanyen abu ba. Mai gonar gora da ya san aikinsa yakan shafa wa kowace sabuwar sanda fenti mai nuna shekarar da ta fito, ya huta da canke.

Lokacin yanka ma yana da tasiri. Sitaci ya fi yawa a ƙarshen rani, lokacin da gora ta tara abincin da za ta fitar da sabon tsiro. Bayan tsiron ya fito ya shanye abincin, wato ƙarshen damina zuwa farkon rani, shi ne lokacin da ya fi dacewa. A yanke dab da saman gaɓa ta farko ko ta biyu daga ƙasa, don kada kututturen ya zama kofin da zai tara ruwa ya ruɓar da saiwa.

Kuma ba kowace gora ce ta gini ba. Irinta ya haura dubu. Guadua ta Kudancin Amurka da Dendrocalamus asper ta kudu maso gabashin Asiya su ne suka yi suna wajen ɗaukar nauyi. Bambusa vulgaris, wadda ta bazu a ƙasashe masu zafi, tana da sitaci da yawa, ƙwaro na sonta ƙwarai. Kowace iri ce a hannunka, duba kaurin bangonta a inda aka yanke: kada ya gaza kashi 1 cikin 12 na faɗin sandar. Sandar da faɗinta bai kai santimita 5 ba, a bar ta ga shinge da ado.

Gini ba tare da magani ba

Wannan ne babban kuskure, kuma shi aka fi yi, don ba a ganin illarsa ranar da aka gama aiki. Bayan wata uku ko huɗu sai ka fara ganin wani gari mai laushi, ruwan ƙwai-ƙwai, ya taru a ƙasa ƙarƙashin sanda. Ka share da safe, kashegari ya dawo. Ka ɗaga kai ka duba da kyau, sai ka ga 'yan ramuka kamar an soka allura. Wani ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba, wanda masana ke kira Dinoderus minutus. Uwar tana shiga ta bakin yanka ko ta tsaga ta yi ƙwai, tsutsotsin su ci naman gorar su bar fatar waje lafiya lau. Ranar da ka danna da babban yatsa ya shige, aiki ya riga ya ƙare.

Mutane da yawa suna ganin sun yi magani don sun shafa fenti, ko baƙin mai, ko sun fesa maganin ƙwari a jiki. Fatar gora tana da santsi da tauri, ruwa ba ya ratsa ta, kuma ba ta da hanyoyin da ke kai ruwa daga waje zuwa ciki kamar na itace. Abin da ka shafa a waje, a waje zai tsaya. Magani yana shiga ne ta bakin yanka da ta cikin kogo kawai.

Hanyar da ta fi sauƙi ga mai aikin kansa ita ce jiƙa gora a ruwan boraks da asid ɗin borik, wasu sinadarai biyu masu kama da farin gari da ke hana ƙwaro cin ta. Ana narka kimanin kilo 5 zuwa 6 na haɗin biyun a lita 100 na ruwa. Kafin a jiƙa, sai a sami dogon rodi a zura ta ciki a huda duk bangayen da ke rufe gaɓoɓi, don ruwan ya ratsa daga wannan baki zuwa wancan. A nutsar da sandunan a kwatami ko a ramin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a danne su da dutse don suna tasowa, a bar su mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ba shi da kwatami mai tsawo zai iya tsayar da su, ya huda duk gaɓoɓin ban da ta ƙasa, ya cika su da ruwan maganin ta sama, yana ƙarawa kullum har kimanin mako biyu, sannan ya huda ta ƙasan ya tari ruwan a bokiti don wani zagayen.

Abu biyu ake yawan yin kuskure a kansu ko bayan an san wannan. Na farko, jiran gora ta bushe kafin a jiƙa ta. Maganin yana bin danshin da ke jikinta ne ya bazu, don haka tun tana ɗanya, cikin 'yan kwanaki da yankewa, ake yi. Na biyu, mantawa cewa abin da ruwa ya shigar, ruwa na iya fitar da shi. Gorar da aka yi wa boraks aka bari ruwan sama na dukanta, a hankali maganin zai wanke. A sa safar hannu lokacin aiki, kuma kada a zubar da ragowar ruwan kusa da rijiya ko shuka.

Tsohuwar dabarar jefa gora a rafi ko kududdufi na wata ɗaya ko biyu tana rage sitaci, ƙwaro mai huda ya rage sha'awarta. Ta fi babu. Amma ba ta hana gara, ba ta hana ruɓa, kuma ni ba zan ɗora rufin ɗakin kwana a kan gorar da wannan kaɗai aka yi mata ba.

Bayan magani sai shanya, a nan kuma sauri ke haifar da nawa. Wanda ya baje gora a tsakar rana don ta bushe da wuri zai ji tana fashewa ɗaya bayan ɗaya. A inuwa ake shanya ta, inda iska ke ratsawa, a ɗage ta daga ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakanin jeri da jeri, a riƙa juya ta. Takan ɗauki mako 6 zuwa 12. Wanda kuma ya yi gini da ɗanya, zai ga duk ɗaurin da ya yi ya saki, don gora tana ramewa idan ta bushe. Sanda mai ɗan karkata ana miƙar da ita da zafin wuta kafin ta bushe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Binne gindi

Haƙa rami a kafa gora a ciki shi ne abin da hannu ya saba, kuma shi ne hanya mafi sauri ta kashe ta. Gorar da ke cikin ƙasa ba ta cika wuce shekara biyu ba. Wasu don gudun haka sai su zuba kankare su dasa ta a ciki, su ɗauka sun yi dabara. Gorar za ta rame ta bar 'yar tazara tsakaninta da kankaren, ruwa ya gangara ya kwanta a wurin, ba rana ba iska. Ruɓar ma ta fi sauri, kuma a ɓoye.

Gyaran shi ne a zuba ɗan dandamalin kankare ko a gina na dutse, tsayin santimita 30 zuwa 40 daga ƙasa, a dasa rodi a tsakiyarsa ya fito sama. A yanke gindin ginshiƙin dab da ƙarƙashin gaɓa, a zura shi a kan rodin, sannan a cika kogon da rodin ya shiga da kwaɓin siminti. Saman dandamalin ya ɗan yi gangare don kada ruwa ya tsaya. A sama kuma rufi ya fito sosai ya wuce bango, yadda ruwa mai iska da zafin rana ba za su riƙa samun sandunan kai tsaye ba. Duk bakin gorar da ke kallon sama a toshe shi.

Kolombiya ta ga wannan a aikace. A girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Armeniya da yankin noman kofi a watan Janairun 1999, gidajen da aka yi da gora da yaɓe sun fi na bulo marasa rodi jurewa, kuma da yawa daga cikin na gorar da suka lalace, ruɓa da ƙwaro sun riga sun ci su tun kafin ƙasa ta motsa. A 2010 ƙasar ta shigar da guadua cikin dokokinta na gini.

Ƙusa da guduma

Ɗora ƙusa a kan busasshiyar gora ka buga. Bugu na farko za ta zame a kan fatar. Na biyu za ta shiga, ka ji ƙas, tsaga ta bi tsawon sandar har sai gaɓa ta tare ta. Ko ba ta tsage a ranar ba, za ta tsage idan iska ta fara girgiza ginin. Ba a buga wa gora ƙusa. Huda ake yi da injin huda mai kaifin baki, a hankali, sannan a zura ƙusa mai noti, kaurin milimita 10 zuwa 12, da washa mai faɗi a kowane gefe.

Inda za a huda ma yana da ƙa'ida. Gaɓa ita ce ƙarfin gora, saboda haka kowace mahaɗa ta kasance kusa da gaɓa, kuma a bar gaɓa ɗaya tsakanin ramin da ƙarshen sandar. Wanda ya huda kusa da buɗaɗɗen baki, ƙusar za ta yage ta fita. Kada kuma a ɗaure noti da ƙarfi kamar ana ɗaure ƙarfe, kogon zai murƙushe. A mahaɗar da ke ɗaukar nauyi sosai, bayan an ɗaure, a huda rami mai faɗin kamar santimita 3 a saman wannan kogon, a kwaɓa siminti awo 1 da yashi awo 3 da ɗan ruwa-ruwa, a ɗura ta mazurari ana bubbuga sandar har ya cika. Magini ɗan Kolombiya Simón Vélez ya yi suna da wannan dabara, da ita ya gina katafaren zauren gora a baje-kolin duniya na birnin Hanoba a Jamus a shekarar 2000.

Inda sandar kwance za ta hau kan ginshiƙi, a sassaƙe kan ginshiƙin ya yi lanƙwasa daidai da cikinta, ta zauna daram ba a kan baki biyu kawai ba. Aiki ne mai cin lokaci da zarto da magagari, shi ya sa ake tsallake shi. Ɗauri da igiya kuwa ba laifi a ƙananan ayyuka, muddin gorar ta bushe kuma za a riƙa dubawa ana ƙara matsewa.

Zancen “ta kai ƙarfe ƙarfi”

Ana yawan faɗin haka, kuma ya jawo ɓarna. Gaskiya ne zaren gora yana jure ja sosai idan aka kwatanta da rashin nauyinsa. Amma wajen ƙin lanƙwasawa, ƙarfe ya ninka ta wajen sau goma. Sanda ɗaya da aka shimfiɗa a doguwar tazara za ta yi ciki, kuma cikin yana ƙaruwa da shekaru. A haɗa biyu ko uku, ɗaya kan ɗaya, a ɗaure su tare, a juya gindin wannan ya haɗu da kan waccan tunda gora tana sirancewa zuwa sama. Ko kuma a rage tazarar da ƙarin ginshiƙi.

Mafi muni shi ne sa gora a madadin rodi a cikin kankare. Tana shan ruwan kwaɓin ta kumbura, ta bushe ta rame, ta saki kankaren, sannan kaifin siminti ya riƙa cin zarenta. Kada a yi wannan a rufin kankare (dakin) ko a kan ƙofa da taga.

Rashin nauyin gora ma yana da nasa haɗarin. Ginin da aka yi da tsaye da kwance kawai zai karkace, dole a sa tokara a gicciye a kowane bango. Iska mai ƙarfi kuma ɗaga rufi take yi, saboda haka rufin ya ɗauru da ginshiƙi, ginshiƙi ya ɗauru da dandamali. Gora tana cin wuta, kuma iskar da ke cikin kogonta kan sa ta fashe da zafi, don haka bangon da ke kusa da murhu a yaɓe shi da siminti a kan ragar waya, wayar lantarki kuma ta bi ta cikin bututu.

Rumfa, shinge, ɗakin ajiya ko kejin kaji, duk mutum zai iya yi da hannunsa. Bene ko ɗakin da jama'a za su taru a ciki kuwa aikin injiniya ne. Ƙa'idar duniya ta gini da gora, ISO 22156, wadda aka fitar a 2004 aka sabunta a 2021, ita kanta ta tsaya ne a kan ginin da bai wuce hawa biyu da tsayin mita 7 ba. Ko ƙaramin ginin ma, a zagaya shi kafin kowace damina a duba gindin ginshiƙai, a nemi garin ƙwaro da hanyar gara, a matse notin da ya saki. Sandar da ta tsage daga gaɓa zuwa gaɓa a wurin mahaɗa, a tokare rufin, a kwance notin, a sauya ta.