Yadda zaki gane tsohon tangaran da zanen da ke wasa da ido

Ni dai tun a kabet ɗin kakarmu na kamu da son tangaran, wanda ko taɓawa ba'a bari muyi, yanzu duk inda naga 'yan gwanjo sun baza kaya sai na tsuguna. In kema zaki fara tarawa to karki biye wa ido, shi ake fara yaudara.

Kife farantin tukuna ki duba tambarin gindinsa. Takubba biyu shuɗaye a gicciye alamar Meissen ce, kamfanin Jamus da aka kafa a 1710, amma fa jabunsa yayi yawa sosai. In kinga sunan ƙasa kamar England to galibi bayan 1891 akayi shi, lokacin da Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. In kuma kinga an rubuta Nippon, na Japan ne daga 1891 zuwa 1921. Shi kuma sunan sarkin China a gindin kwano karki ɗauka da zafi, an sha rubuta shi a kayan da akayi ɗaruruwan shekaru bayan sarkin ya mutu.

Sai ki ɗora shi a tafin hannu ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, mai lafiya zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyiyar tsaga kuma sai kiji ɗif. Ki bi bakinsa da yatsa, inda aka liƙe da gam zaki ji.

Wajen da nafi so kenan, tocilar waya. Akwai kofunan shayi na Japan da in kin leƙa ciki fari ne tas babu komai, kina ɗagawa saitin haske sai fuskar mace ta fito a gindin, kuma ba fenti bane wallahi, kaurin yumɓun ne aka bambanta, wajen sirara haske ya wuce wajen kauri yayi inuwa. Kwanukan garin Jingdezhen na China masu ɗigo-ɗigo kamar ƙwayar shinkafa ma haka, huda akayi aka cike da ruwan gilas kafin a gasa. A Niderviller ta Faransa kuwa faranti suke zanawa kamar katako an manna masa takarda har kusurwarta ta ɗan naɗe, sai kin shafa zaki yarda sumul yake.

Irin zanen nan na 'yan akwatuna da kina kallo kiga sun ɓullo, kin ƙifta ido sun lotsa, ki kula dashi sosai don yana ɓoye gyara, ido na can yana rigima da akwatuna bazai ga layin tsaga ba. Ki karkata farantin hasken ya kwanta a kansa sannan ki duba.

In kin kawo gida ruwan ɗumi da soso mai laushi kawai, banda soson ƙarfe, zai kankare ruwan gwal ɗin bakin. Kuma dan Allah kar a zuba abinci a ciki, wasu tsofaffin fentin akwai dalma.