Yadda za ku kafa ƙungiyar tallafa wa ƙwallon makarantarku

Shekara uku na yi ina tsaron gida wa lisenmu, wato makarantarmu ta sakandare, a nan Maradi. Bara waccan na koma neman hoton ƴan wasanmu don in nuna wa ɗana, ban samu ba. Kofin da muka ci na tarar da shi a ɗakin ajiya cikin kwalayen alli, ya yi tsatsa, kuma babu wanda ya iya gaya mini shekarar da aka kawo shi. Ranar ban yi barcin kirki ba. Daga nan muka haɗa kai mu bakwai, tsofaffin ɗalibai, muka kafa ƙungiya. Abin da muka koya ne nake son in ba ku.

A Amurka wannan tsohuwar al'ada ce. Iyaye da tsofaffin ɗalibai da ƴan kasuwar gari ke ɗaukar nauyin ƙungiyar makarantar sakandare, kuma daren Juma'a gari duka na fita kallo. Ƙwallonsu daban ce da tamu, mai tsawo ce, da hannu ake ruga da ita. A garin Massillon na jihar Ohio har ƴar ƙaramar ƙwallo magoya baya ke kai wa jariri namiji idan an haife shi. Ba kuɗinsu nake so mu kwaikwaya ba, riƙon da suke yi wa abin nasu nake so.

Kafin komai ku je wurin shugaban makaranta da malamin wasanni. Kada ku tara ko dala ɗaya ba da saninsu ba. Ku gaishe su, ku ce, “Mushe, mun zo mu taimaka, me ya fi damun yara?” Mu mun je da niyyar ɗinka riguna, sai malamin ya ce ƙwallo biyu kawai gare shi, ɗaya ma tana sacewa, kuma babu ruwan sha a fili. Ku sanar da COGES, wato kwamitin kula da harkokin makaranta, da ƙungiyar iyayen ɗalibai tun farko, don kada a ga kamar kun zo kafa wata hukuma a cikin makaranta.

Mutum bakwai zuwa goma sun isa a fara. Ku nemi dattijo ɗaya da unguwa ke jin maganarsa, ku sa mata a ciki, ku ɗauko samari biyu daga fadar hirar samari da ke kusa da makarantar, su ne ƙafafunku. Idan abin ya kankama sai ku rubuta dokokinku ku kai wa hukuma a yi muku rajista.

Maganar kuɗi ce ke kashe ƙungiyoyi, shi ya sa zan daɗe a kanta. Ku yanke abin da talaka zai iya: mu dala ɗari, wato sefa ɗari biyar, muke zubawa kowane wata, wanda Allah ya hore wa ya ba da jika ko fiye. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe littafi daban, kuma ba a fitar da komai sai mutum biyu sun sa hannu. Kowane taro ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da babbar murya, har kuɗin ƙanƙara. Ma'ajiyarmu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Ran da na sayo usur na manta ban karɓo takarda ba, cewa ta yi, “Ƙanena, koma ka karɓo, ba don ban yarda da kai ba, don gobe.” Na koma a kan kabu-kabu na karɓo. Idan za ku je wurin wani Alhaji neman gudummawa, kada ku ce a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ku faɗi abu takamaimai: raga biyu, ko takalma goma sha takwas, ko kuɗin mota zuwa Tibiri ko Madarunfa ranar wasa. Mai bayarwa ya fi sakin jiki idan zai ga abinsa da ido. Kuma kada ku bar mutum ɗaya ya ɗauki komai, musamman ɗan siyasa, don ran da ya juya baya shi ke nan.

Iyaka guda ce ba a tsallakewa: zaɓen ƴan wasa aikin malami ne. Wanda ya sayi riguna bai sayi wuri wa ɗansa ba. Mu kuma sharaɗinmu shi ne yaron da ke gudun aji ba ya sa rigarmu, kuma idan jarrabawar BEPC da ta Bak suka ƙarato ana rage atisaye.

Sai littafi na biyu, wanda na fi ƙauna. Ku sayi babban kundi mai bango mai ƙarfi. Kowane wasa a rubuta rana, da fili, da sunayen waɗanda suka buga, da wanda ya ci. A wanke hoton ƙungiya kowace shekara a rubuta sunaye a bayansa, don hoton da ke cikin waya yana tafiya da wayar. Sannan ku bi tsofaffin ƴan wasa gida-gida da shayi, ku ɗauki muryarsu. Ƙungiyar Jangorzo ta Maradi ta zama zakarar ƙasa a 1983, amma ku tambayi samarin yau su lissafa muku uku daga cikin waɗanda suka buga. Duk sun san Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta je gasar kofin Afirka a 2012 da 2013, sai dai na gida ne ke ɓacewa.

Sau ɗaya a shekara, lokacin sanyi kafin zafin Maris ya sauko, ku shirya wasa tsakanin tsofaffi da ɗalibai. Ku jera kofuna da hotuna a kan tebur bakin fili, ku kira makaɗi, ku bar mata su yi sana'arsu ta ƙosai da lemu. A wasanmu na bana wani dattijo ya zo daga Sabon Gari da hoto a cikin leda, ya nuna wani siririn yaro a layin baya ya ce, “Wannan ba kai ba ne, gola?” Ni ne. An wanke shi yanzu, yana shafi na farko na kundin, kuma mun gano sunayen mutum tara cikin goma sha huɗu. Sauran biyar muna ta cigiya.