Yadda za ka yi wa tambarin kayanka rajista

Ɗan'uwa mai ƙulla yaji ko turare a Kano, takardar CAC (hukumar rajistar kamfanoni) ba ta kare tambarin da ke jikin ledarka.

1. Fara bincikawa a ofishin rajistar tambari na ma'aikatar ciniki, Abuja, ko wani ya riga ka. Don Allah kada ka buga leda tukuna. Na ga mai yaji a Kasuwar Singa da ledarsa ta zama asara saboda gaggawa.
2. Zaɓi rukunin kayanka, kowane rukuni da lambarsa: yaji 30, turare 3, atamfa 24.
3. Lauya ya shigar maka da takardu.
4. Za a wallafa tambarin, a jira wata 2 ko da mai ƙorafi.
5. Karɓi satifiket. Shekara 7 yake yi, sai sabuntawa duk shekara 14.

Wanda ya kwaikwaye ka, kai shi Babbar Kotun Tarayya.