Kurakuran da Ake Yawan Yi Wajen Sayen Kwamfutar Tebur Mai Celeron

Da zarar mai shago ya ce "Celeron ce a ciki", wani zai juya ya tafi, wani kuma ya biya ido rufe saboda arha. Duka biyun sunan kawai suka duba, alhali firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, iri-iri ne suka ɗauki wannan suna tsawon shekara fiye da ashirin.

Kamfanin Intel ya fito da Celeron a watan Afrilun 1998 domin masu ƙaramin ƙarfi. Dabarar ita ce a ɗauki babbar firosesa, a rage mata wasu abubuwa, a sayar da sauƙi. Ta farko, mai gudun MHz 266, babbar firosesar Intel ce, Pentium II, da aka cire wa kesh na mataki na biyu, wato 'yar ma'ajiyar da firosesa ke ajiye bayanan da take yawan nema a kusa da ita. Sai ta riƙa jan ƙafa, kuma daga nan baƙin jininta ya samo asali. Cikin 'yan watanni aka gyara. Celeron 300A ta zo da kesh na KB 128 a jikinta, mai gudu daidai da ita, yayin da KB 512 na Pentium II ke waje yana tafiya da rabin gudu. Masu iya hannu suka dinga ɗaga ta zuwa MHz 450, tana kafaɗa da kafaɗa da masu tsada. Haka sunan ya yi ta tafiya har zuwa G6900 ta 2022. Saboda haka ka sa a kunna kwamfutar a gabanka, ka karanta cikakkiyar lambar firosesar da idonka.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne auna ƙarfi da yawan GHz, wato yawan bugun da firosesa ke yi a daƙiƙa. Wani ɗan'uwana ya taɓa kawo mini tsohuwar kwamfuta yana murna, wai Celeron D ce mai GHz 3.06, wai kuma D ɗin na nufin kai biyu gare ta, wato sassa biyu masu sarrafa aiki (core). Kai ɗaya ne da ita. Pentium D ce mai biyu, Celeron ba ta samu na biyu ba sai a 2008 da E1200. Celeron D ta 2004 ga zafi ga shan wuta, kuma G1610 ta 2013, duk da GHz 2.6 gare ta, ta yi mata fintinkau, domin tana kammala aiki mai yawa a kowane bugu.

Sai batun soket, wurin da firosesa ke zama a kan babban allon cikin kwamfuta (motherboard). G1610 na LGA1155 ce, G1820 kuwa LGA1150, ba sa shiga gurbin juna. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne G3900 da G4900: dukansu LGA1151 aka rubuta, amma allon ɗaya ba ya tayar da ɗayar. In kuma Windows 11 kake so, G4900 na cikin jerin da Microsoft ta amince da shi, G3900 ba ta ciki. Masu harafin J, irin su J1900, a liƙe suke da allo, babu maganar canza su nan gaba.

Sau da yawa ma laifin wani ake ɗora wa firosesar. Kwamfuta mai RAM (ma'ajiyar aikin da ake kan yi) na GB 2 da tsohon faifan ajiya (hard disk) dole ta yi nauyi. Sa mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri, ka kai RAM ɗin GB 8 in allon zai ɗauka, za ta riƙe maka rubutu, lissafin shago da shiga intanet lafiya lau. Bayan hunturu ka buɗe akwatin, za ka tarar ƙura ta dunƙule a fanka kamar auduga. Hure ta, ka goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, sannan ka mayar da fankar ka ɗaure ƙafafunta huɗu sosai.