Safa a bakin makirfo

'Yan uwa masu ɗauko rahoto, ku riƙa ajiye safar ƙafa mai kauri a jaka. Lokacin hunturu, ku sa ta a bakin makirfo ko na waya kafin ku fara hira.

Iska ce ke bugun makirfo kai tsaye har ta danne magana. Safa tana tare bugun, murya kuma ta wuce.

A bakin tabkin Madarunfa na koyi wannan. Hirar da na yi da wani masunci ta lalace ƙurmus, sai da na sake biyan kuɗin mota na koma. Abin ya yi mini ciwo.

Ku kuma ba iska baya.

Amma safa ba ta maganin ƙarar kabu-kabu a babbar kasuwar Maradi. Can sai ku ja mutum cikin shago.